Yadda Mainasara Ya Yaƙi Abareji

A garinmu, can ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo, ba a tambayar wa ya fi kowa iya noman albasa, domin kafin ka rufe baki Mainasara ya riga ya ba ka amsa. Shi ne. In ka zauna kusa da shi a teburin mai shayi, kafin shayinka ya huce za ka ji cewa dillalan Wurno da na Gandi suna gane albasarsa ido rufe, wai har akwai wata mata a Legas da ba ta ɗora miya sai da ita. Mu da muke maƙwabtaka da shi a fadama mun san albasarsa albasa ce irin ta kowa, ba yabo ba fallasa. Amma wa zai faɗa masa? Mutum ne mai kirki, ga kyauta, bakin ne kawai Allah ya ɗora masa, ya ɗora mana.

Ana nan sai wani shirin taimakon manoman rani ya turo mana malamin gona, wani saurayi mai haƙuri da ake kira Malam Zaharaddeen. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, ya duba albasar da kowa ya ajiye ta bara, ya auna, ya matsa, ya yi rubuce-rubuce. Ranar da ya tara mu a gindin dogon yaro don raba wa kowa katinsa, kowa ya karɓi nasa ya cusa a aljihu. Ban da mutum ɗaya.

"Malam," in ji Mainasara, "karanta nawa da ƙarhi, masu koyo su ji."

Malam ya dubi katin, ya dubi Mainasara, ya ce ai gara a bari sai an watse. Mainasara ya ce shi ba ya ɓoye alheri.

"To, an rubuta abareji."

"Madalla. Hwassara musu."

"Turanci na," in ji Malam, yana sosa ƙeya. "Ana hwaɗinta ga abin da bai yi kyau ba, bai kuma ɓaci ba. Tsaka-tsaki dai. Awa ɗan makarantan da bai zo na ɗaya ba, bai zo na ƙarshe ba, in anka tashi hutu malami bai tuna huskarshi."

Sai Lawwali ya ɗaga hannu. Lawwali taubashin Mainasara ne, ɗan kawunsa, kuma tun suna yara bai taɓa ganin Mainasara ya yi tuntuɓe ya bar shi ya miƙe lafiya ba.

"Malam, ina son in gane. Awa kunun da ba zahi ba sanyi?"

"Kusan haka."

"Awa jakin da ba shi gudu, ba shi kuma kwantawa?"

"E to..."

"Allahu akbar! Ai mun daɗe da sanin abin ga, sunanai ɗai na ba mu sani ba."

Dariyar da aka yi ranar, har tsuntsaye sai da suka tashi daga kan bishiyar. Mainasara ya miƙe yana karkaɗe riga, ya ce da ma na ƙarshe aka ba shi da ya fi masa, na ƙarshe ko banza ana nuna shi da yatsa. Ya tafi ko sallama babu.

Ban taɓa ganin kalma ta kama gari kamar wannan ba. Cikin mako guda mai shayi ya fara tambayar mutane, "Mai kauri ko abareji?" Ka gai da tsoho ka ce yaya ƙarfin jiki, ya ce abareji. Mata a wurin injin niƙa suka sa wa gari mai tsaki-tsaki sunan. Har wanzami aka ce askinsa abareji ne, ya yi fushi kwana biyu. Da kalmar ta gama zagaye gari, sai ta dawo ta zauna a inda ta fito. Mainasara uku gare mu a garin, da ma ana shan wahalar bambanta su. Wata rana wani direba ya tsaya yana tambayar gidan Mainasara, aka ce masa, "Wanne? Dogo, ko na Liman, ko Abareji?" Mainasara yana tsaye a wurin da kunnensa.

Abin da ya ƙarasa shi kuwa, matarsa Kulu ce ta dawo daga gidan suna ranta a ɓace.

"Maigida, yau da anka zo rabon goro, Kulu ta Abareji anka kira ni. Kuma na amsa, don ban ankara ba."

"Wa yak kira ki?"

"Dut gidan. Ka san garin ga. Suna in yak kwan biyu bisa mutum ba shi hita. Ka ga mutanen gidan Kwaɗo, kakansu na yat tsallake rahi sau guda, yau jikokinai har da mai digiri, amma ɗan gidan Kwaɗo aka ce mai. Ni dai ba ni son jikokina su tashi 'yan gidan Abareji."

Nan fa hankalin Mainasara ya tashi da gaske, domin gaskiya ta faɗa. Washegari ya zo teburin mai shayi, ya buga tebur har kofuna suka yi tsalle. Ya ce shirin nan ya sa ranar baje kolin albasa a kasuwar Goronyo bayan an cire amfani, to kowa ya shaida: a ranar zai kawo albasar da guda ɗaya za ta cika kwanon sha. In ya kawo, wanda ya sake kiran sunan nan su haɗu gaban hakimi. In bai kawo ba, a kira shi da shi har kabari, shi da zuriyarsa.

"Mun shaida," in ji Lawwali. "Mai shayi, ba shi mai kauri, yau ba ranar abareji ba ta."

Lokacin dashe ne. Kowa ya dasa albasarsa a fangali yadda aka saba, tazarar 'yan yatsu tsakanin wannan da wannan. Mainasara ya bari sai da tasa ta kama, sannan ya shiga yana tuge uku yana barin ɗaya, yana watsar da su a kan kunya. Wai manya ba sa son cunkoso. Lawwali, wanda gonarsa ke jikin tasa, ya zo da kwando ya tsince su tas, ya dasa a wani fangalinsa da ya rage babu iri.

"Allah shi saka da alheri, taubashi. Gobe ma za ka tuge?"

"Kwashe. Talakawan albasa na, sun dace da kai."

Sai taki. Malam ya ce kowane fangali a barbaɗa masa ɗan cikin hannu. Mainasara ya ce cikin hannu ai na masu cikin hannu ne, ya riƙa zuba kwano guda. Bayan kwana huɗu rabin gonar ya yi jawur, ganye ya ƙone ya kwanta. Muka taru a bakin kunya muna yi masa jaje, shi kuwa ya harɗe hannu a baya yana zagayawa kamar mai duba fareti.

"Jaje na mi? Jarrabawa na yi musu. Raggaye sun hwaɗi, jarumai sun tsaya."

Jaruman da suka tsaya kuma ya ce ba za su san ƙishirwa ba. Mu muna ban ruwa bayan kwana uku ko huɗu, shi kullum, daga hantsi har la'asar, injinsa yana ta kuka. Ranar wata Talata kunya ta gaji ta fashe. Ruwa ya malale gonarsa, ya haura ta Lawwali, ya nufi hanyar da jakuna ke bi. Mainasara ya ruga zai janye tiyo, tiyon ya kuɓuce ya shiga rawa yana tsula masa ruwa a fuska, ya ja da baya, santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas cikin laka har ƙugu. Hularsa ta bi ruwa ta tafi abinta.

Yana cikin lakar sai ga Lawwali ya naɗe wando, da ragar kamun kifi a kafaɗa.

"Mi kaka nema nan?" in ji Mainasara.

"Su niz zaka. An ce an buɗe sabon gulbi."

"Lawwali, in nit tashi..."

"Tashi mana. Ko in jehwa ragar in jawo ka? Ban taɓa kama babba irinka ba."

Sai da mutum uku suka ciro shi, takalminsa ɗaya kuwa har yau yana can ƙasa.

To amma ga abin mamaki. Albasar da ta tsira daga tugewa da ƙuna da ambaliya, sai ta shiga girma kamar an aiko ta. Ta tsage ƙasa ta fito, kowacce ta fi dunƙulen hannu biyu. Mu da muke dariya muka daina. Mutane suka riƙa zuwa a kan babur daga Giyawa don su gani. Lawwali kansa ya tsaya a bakin kunya ya daɗe yana kallo, ya tafi ko zolaya bai yi ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ni kaina, ba zan ɓoye ba, na ji hassada ta ɗan taɓa ni. Mainasara kuwa ya daina tafiya irin ta mutane, sai taku ɗai-ɗai, yana amsa gaisuwa da ka.

Malam Zaharaddeen ya zo ya tsuguna, ya kama wuyan wata ya matsa, ruwa ya tsatso.

"Baba Mainasara, girma kam ta yi. Amma dubi wuyanta, kauri gare shi, ciki dut ruwa na. Ka ɗauke mata ruwa mako biyu kahin ka cire, ganye shi kwanta, wuya shi bushe. In ka cire ka shanya ta inuwa, sannan ka sa ta rudu ta sha iska."

Rudu shi ne ɗan ɗakin kara da ciyawa da muke ɗagawa a kan itace mu zuba albasa, iska na shiga ta ko'ina. Ko yaron goye a garinmu ya san albasa da iska take rayuwa.

"Malam," in ji Mainasara, "mutum nawa kag gaya ma wagga magana?"

"Kowa da kowa."

"To ka gani. Abin da anka gaya ma kowa da kowa, shi ka haihwar abareji. In nib bari ta bushe ta rage. In nis sa ta rudu iska shi sha min rabi. Na yi wahala in ciyar da iska?"

Bai ɗauke ruwa ba har safiyar da ya cire ta. Saura kwana tara baje koli. Ya zaɓi manya guda arba'in, ya naɗe kowacce a leda ya ɗaure, ya jera su cikin wani shuɗin durom na roba mai murfi da zoben ƙarfe. Ya rufe, ya ɗaure zoben, ya bi bakin da tsohuwar robar taya ya naɗe tam, yadda ko numfashin sauro ba zai shiga ba. Ya girke durom ɗin a tsakar gida, a tsakiyar zafin bazara, inda zai riƙa ganinsa daga ɗaki.

Kwana na huɗu Kulu ta same shi yana karin kumallo.

"Maigida, durom ɗin ga shina magana."

"Magana?"

"Tun jiya nika jin shi, ƙulu-ƙulu, awa cikin wanda yas sha tsamiya."

"Albasa ta ka numhwashi. Ke dai ba ki saba da manya ba."

Kwana na shida kaji suka daina bi ta wajen. Kwana na bakwai cikin durom ɗin ya kumbura, murfin ya yi tozo. Kulu ta kwashe tukwanenta ta koma girki a gidan maƙwabta. Mainasara kuwa da ya ga kumburin sai ya fito ƙofar gida da gudu, ba ko hula, yana kiran mutane.

"Ku zo ku gani! Girma suka ƙarawa! Cikin durom ma girma sukai!"

Muka leƙa, muka ga durom ya yi ciki, muka ja da baya da sauri. Lawwali ya ce shi dai a ba shi izini ya raka wannan kaya Goronyo, don ko aikin Hajji aka ba shi a ranar sai ya ce a ɗaga masa.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa, Mainasara ya fito cikin farar babbar riga sabuwa fil, ta sha sitaci tana ƙara. Aka ɗora durom a amalanken jaki da ƙyar. Jakin ya waiwaya ya shinshina sau ɗaya, daga nan har Goronyo a karkace ya yi tafiyar, kansa na gefe. A gaba kuma ga Uwaisu maroƙi, wanda Mainasara ya ɗauko musamman, yana tafe yana wage murya:

"Ga Mainasara na Kulu! Mai albasa guda miyar gari! A kauce, a kauce, manya sun iso!"

An share fili a gefen 'yan albasa, an kafa rumfa. Manoma daga Wurno da Rabah da ƙauyukanmu kowa ya shimfiɗa tabarma ya tsiba tasa, jajaye, busassu, suna ƙyalli. Alƙalan gasa suna zaune a kan benci: Malam Zaharaddeen da takardunsa, sai Baba Mu'azu, wani tsohon dillali da ya shekara hamsin yana cinikin albasa, wanda ake cewa daga jin ƙanshin buhu yake faɗin fadamar da aka noma shi.

Aka sauke durom a tsakiyar fili. Rana ta take. Durom ɗin ya yi wani gurnani da kowa ya ji.

Baba Mu'azu ya dube shi sau ɗaya, ya tattara rigarsa, ya ɗauki sandarsa, ya koma bayan wani tarin buhuna ya zauna. Malam ya taso da sauri.

"Baba Mainasara, don Allah mu kai shi bayan kasuwa mu buɗe."

"A ɓoye? Ranar kati ma a ɓoye kac ce, yau ma a ɓoye? Jama'a, ku matso! Na baya shi ɗaga ƙahwa!"

Jama'a kuwa suka matso. Lawwali ya kutsa ya tsaya a sahun gaba, baki har kunne. Mainasara ya naɗe hannun riga, ya yi jawabi a kan ranar da aka wulaƙanta shi a gindin dogon yaro, da yadda ya yi haƙuri, da yadda ya yafe wa kowa ban da mutum ɗaya. Sannan ya warware robar taya. Wani siririn fito ya fara fita. Ya kama zoben ƙarfe, zobe ya ƙi. Ya ja, ya ƙi. Ya ce a miƙo masa dutse.

"Uwaisu, kirari!"

"Na Kulu ba ka da na biyu! Buɗe muna mu ga..."

Ya daki zoben.

Ƙarar da ta tashi, mutanen kara, can wajen masu sayar da dabbobi, sun ce sun ɗauka tayar babbar mota ce ta fashe. Murfin ya yi sama, ya faɗa kan rufin rumfa. Abin da ya biyo bayansa kuwa ba albasa ba ne, wani ruwa ne mai kauri, ruwan ƙasa-ƙasa, da guntayen leda a ciki, ya tashi ya sauko a kan duk wanda ya amsa kiran matsowa. Uwaisu bai ƙarasa kirarinsa ba. Lawwali da ke sahun gaba da baki buɗe, Allah ya ba shi rabonsa har da na gobe, ya durƙusa yana tofarwa yana dariya yana tari, hawaye na zuba.

Sannan warin ya iso. Wayyo, warin nan! Mai tsire ya kife tire a kan namansa ya rungume. Masu fura suka ɗauki ƙorai suka ruga. Jakin ya ce ai shi tun a hanya ya faɗa, ya zabura da amalanken ya bi ta kan tabarmar wani mutumin Wurno, albasa ta watse tana gangarawa, masu gudu suna takawa suna zubewa. Wata tsohuwa ta tsaya tana salati da hanci a toshe. Malam Zaharaddeen ya ɗaga takardunsa da yatsa biyu, suna ɗiga.

Mainasara yana tsaye a inda yake, dutse a hannu. Farar rigar ta zama abin da ta zama. Wata leda ta maƙale masa a kunne. Na tausaya masa, wallahi na tausaya masa, na ce yau kam bakin ya mutu.

Ashe ban san shi ba. Ya dubi kasuwar da ta watse, ya dubi mutanen da ke leƙowa daga nesa da hannu a hanci, sai na ga idonsa ya kawo haske. Ya share fuska, ya gyara tsayuwa.

"To, jama'a! Albasa ta ɓaci, na yarda. Amma ku hwaɗi tsakaninku da Allah: wanga aiki na tsaka-tsaki na? Wa yat taɓa tada kasuwag Goronyo da durom guda? In ban zo na ɗaya ga kyau ba, ai na zo na ɗaya ga ɓaci! Malam, rubuta! Ina Baba Mu'azu? Baba, hito ka yi shaida. Shekara hamsin kana cikin albasa, ka taɓa jin wari irin wanga?"

Baba Mu'azu ya fito daga bayan buhuna, rigarsa tsaf, ko ɗigo babu. Mutane suka fara dawowa a hankali don su ji. Tsohon ya tako har bakin durom, ya leƙa, ya lumshe ido, ya ja numfashi a nutse yadda yake yi wa buhun da zai saya. Ya juya kai gefe ya sake ja.

"Shina da ƙarhi," ya ce. "Ba a raina mai ba."

Mainasara ya waiwayo ya dube mu, yana gyaɗa kai.

"Amma wata shekara," in ji Baba Mu'azu, "wata babbar mota ta lalace muna da lodi bisa hanyar Rabah, ruwan sama yad dake ta kwana goma sha biyu. Wancan, ɗana, ko ungulu ba ta sauka ba. Shi a wari. Akwai kuma na buhu guda da ka ruɓewa cikin shago, wanda kowane dillali ya sani, wannan ƙarami na. Naka ya hi na buhu. Bai kai na mota ba."

Dutsen ya faɗi daga hannun Mainasara. Muryarsa ta yi ƙasa, har sai da na matsa na ji.

"Baba... ko ga wari?"

"Ko ga wari, ɗana. Shina nan dai tsakiya." Tsohon ya juya wajen benci yana murza goshi. "Ni ban iya Turanci ba. Malam, mi kac ce sunan abin?"

Malam bai samu ya amsa ba. Kasuwar Goronyo ce ta amsa masa, baki ɗaya, har da waɗanda suka toshe hanci.